MikroTik hEX da batun kafe wa kowace na'ura adireshinta, ga ra'ayina

Toh jama'a, masu tambaya ko ɗan akwatin nan na kamfanin MikroTik da ake kira hEX, wato rauta mai raba wa na'urori intanet, ya cancanci a saya saboda kawai mutum yana so firinta da kyamarori da na'urar ajiya su daina sauya adireshi, amsata ita ce eh ya cancanta, amma ba kowa zan ce wa ya saya ba. Idan na'urorinka basu wuce waya biyu da talabijin ba, rautar da kake da ita ta isheka, kar ka wahalar da kanka. Amma in kai ne ake kira duk lokacin da firintar ofis ta ƙi aiki, ko kyamara ɗaya ta ɓace daga allo alhali tana kunne fitilarta na ci, toh zauna mu yi magana.

Samfurin da nake magana a kai shine RB750Gr3. Ramin kebul biyar ne dashi duk masu gudun gigabit, ƙwaƙwalwar aiki 256MB, wurin ajiya 16MB kacal, da ramin USB ɗaya da wurin saka microSD. Bashi da Wi-Fi sam, wannan ka riƙe shi tun yanzu dan mutane da yawa sai sun buɗe kwali suke gane haka. Kamfanin na ƙasar Latbiya ne, a birnin Riga, an kafa shi a 1996, kuma manhajar da ke cikin akwatin, RouterOS, ita ce dai wadda ke cikin manyan rautocinsu da masu sayar da intanet ke amfani dasu, shiyasa ɗan ƙaramin abu yake yin aikin da zaka yi mamaki.

Kafin in shiga yabo, bari mu fahimci mene ne ma matsalar, dan da yawa suna fama da ita basu san sunanta ba. Duk na'urar da ta hau netwok sai an bata adireshin IP, wato lambar da ake nemanta da ita, kuma mai rabon shine DHCP, tsari ne tsoho wanda ƙa'idar da ake bi har yau tun 1997 aka rubuta ta, RFC 2131. Na'ura zata yi shela cewa tana neman adireshi, rauta ta yi mata tayi, na'urar tace ta karɓa, rauta ta tabbatar, saƙo huɗu kenan an gama. Amma adireshin haya ne ba kyauta ba, yana da wa'adi, kuma idan rabin wa'adin ya wuce na'urar zata dawo ta nemi a sabunta mata. Kamar otal ne, in ka sauka ka tafi ka daɗe baka dawo ba, ɗakin da ka kwana wani za'a ba, in ka dawo a baka wanda ya samu. Ga wayar hannu wannan ba komai bane, babu mai nemanta da lamba. Amma firinta fa, kwamfutoci duk sun haddace cewa tana 192.168.88.37, ranar da aka kashe ta tsawon hutu aka kunna ta tashi da 192.168.88.112, shikenan kowa ya aika takarda sai ta maƙale a layi, kwamfuta tace firinta bata nan, ga ta kuwa a gabanka tana lumshe fitila. Haka na'urar da ke naɗar hoton kyamarori, haka ƙa'idar da ka sa ta tura wata ƙofa daga waje zuwa wata kwamfuta a ciki, duk da lamba suke aiki, lamba ta gusa komai ya watse.

Hanya biyu ce ake magance wannan. Ta farko ka je kan na'urar kanta ka rubuta mata adireshi da hannu, da maski da getwe da DNS, wato sauran saitin da ke nuna mata iyakar netwok, hanyar fita intanet da mai fassara mata sunaye zuwa lamba. Ta biyu ka bar na'urar a kan karɓa ta atomatik yadda ta zo, sai ka faɗa wa rauta cewa duk sanda mai wannan lambar MAC ɗin, wato lambar shaidar katin netwok na na'urar, ya zo, wannan adireshin zaka bashi ba wani ba. Ni ta biyun nake bi a kusan komai, kuma dalilin da yasa nake son hEX kenan gaba ɗaya. Ta farkon tana aiki, ban ce bata aiki ba, amma ilimin ya warwatse, adireshin firinta yana cikin firinta, na kyamara yana cikin kyamara, wanda ya saita su kuma ya bar aikin ko ya manta, ranar da za'a canza DNS ko a sauya zangon adireshi sai an bi su ɗaya bayan ɗaya har da wadda ke maƙale a saman bango sai an nemo tsani. Ga kuma karo, mutum ya rubuta wa firinta 192.168.88.50 da hannu alhali lambar tana cikin waɗanda rauta ke rabawa. Ita rautar tana ƙwanƙwasa adireshi kafin ta bayar dan ta ji ko da mai shi, amma in firintar na kashe a lokacin ai babu mai amsawa, sai ta ba wata waya, firinta ta tashi su biyu suna riƙe da lamba ɗaya, yanzu aiki anjima babu, irin matsalar da ke sa mutum ya fara zargin kebul da bashi da laifi.

Yanzu ga yadda abin yake a hEX. Akwatin yana zuwa da adireshinsa 192.168.88.1, yana raba daga .10 zuwa .254. Ka buɗe WinBox, manhajar da ake sarrafa shi da ita, ka shiga IP, ka shiga DHCP Server, ka danna Leases. Nan zaka ga kowa da kowa a jere, adireshi, lambar MAC, sunan da na'urar ta kira kanta, da lokacin da ya rage wa hayarta yana sauka a gaban idonka. A gefen hagu na kowane layi akwai ɗan harafin D, ma'ana wannan na wucin gadi ne. Ka zaɓi layin firinta ka danna Make Static, D ɗin ya ɓace, ta kafu kenan. Sai ka buɗe layin ka canza lambar zuwa wadda kake so, ka rubuta bayani a kai, misali firintar ɗakin lissafi. Babu sake kunna rauta, babu yanke wa mutane intanet, wanda ke tsakiyar kiran bidiyo bai ma san ka taɓa komai ba. Wlh wannan kaɗai ya isa a yaba, dan na yi aiki da wata rauta irin wadda masu intanet ke haɗowa da layi, wadda sai ka kwafi MAC da hannu harafi sha biyu ka rubuta, ka ajiye, ta kashe kanta ta tashi, a kan kowace na'ura ɗaya, kuma tana da iyakar da in ka kai ta bazata karɓi ƙari ba, ga babu wurin rubuta suna, bayan wata uku ka dawo ka ga jerin lambobi baka san wace ce kyamarar ƙofa wace ce ta baya ba.

Abu ɗaya da ke rikita sabon shiga, ka canza lambar a rauta amma na'urar tana nan a tsohuwar. Ba lalacewa bane, bata dawo sabunta haya bane tukuna. Ka zare kebul ɗinta ka mayar, ko a Windows ka buga ipconfig /release sannan ipconfig /renew, ko ka ɗan jira, dan hayar da MikroTik ke sawa tun daga kwali ta mintuna ce ba ta kwanaki ba, da kanta zata dawo. A layin zaka ga an rubuta waiting in na'urar bata zo ta karɓa ba, in ta karɓa ya koma bound. Wannan ɗan rubutun yana da amfani fiye da yadda ake zato, kallo ɗaya zaka san kyamarar da bata tashi ba.

Akwai wani ɗan sirri kuma game da Client ID. Lokacin da ka danna Make Static, yana kwafe har da wata shaida da na'urar ta gabatar da kanta da ita, ba MAC kaɗai ba. Yawanci babu matsala, amma kwamfutar da ke da Windows da Linux a tare, ko wadda aka sake mata manhaja, tana iya zuwa da wata shaidar daban alhali katin netwok ɗin bai canza ba, sai rauta ta ɗauke ta baƙuwa ta bata wata lamba. Ni dai share wannan gurbin nake yi in bar MAC kawai, hankali kwance.

Ga yadda nake tsara lambobi. hEX baya hanaka kafe adireshi a tsakiyar zangon da yake rabawa, amma ni bana son cakuɗa. Ina rage zangon rabon ya koma daga .100 zuwa .254 na wayoyi da laftof da baƙi, ƙasa da ɗari kuma na kafaffu ne, siwic, wato akwatin da ke ƙara ramukan kebul, da na'urorin Wi-Fi a farko farko, firintoci a ashirin da wani abu, kyamarori daga hamsin. Ba doka bace, kowa da nasa, amfanin shine in na ga .53 a wani rahoto na san kyamara ce ba sai na duba ba. Kuma kar a ce na hana rubuta adireshi da hannu kwata kwata, rautar kanta da babban siwic da duk abin da zaka buƙaci shiga ranar da DHCP ɗin ya mutu, waɗannan da hannu ya kamata a rubuta musu, a wajen zangon rabo. Dan na'urar da ta nemi adireshi babu mai amsa mata zaka ganta da lamba mai farawa da 169.254, wadda ta ƙirƙira wa kanta, in ka ga wannan ka san ba'a ma kai ga maganar kafewa ba, hanyar zuwa rautar ce ta yanke.

Sai babbar damuwar wannan zamanin, wayoyi. Tun Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020 wayoyi basa nuna MAC ɗinsu na ainihi, suna ƙirƙirar na bogi ga kowane Wi-Fi saboda kar a riƙa bin sawun mutum. Abu ne mai kyau ga mai wayar, amma ga mai kula da netwok ciwon kai ne, dan lambar na iya canzawa, musamman in an sake saita wayar ko an kunna mata zaɓin juyawa, kafewar da kayi ta tashi a banza. Wannan ba laifin hEX bane kuma babu rautar da zata gyara maka shi daga ɓangarenta, sai dai a shiga saitin Wi-Fi ɗin a wayar a kashe adireshin sirri ga wannan netwok ɗin kaɗai. Ga dabarar gane na bogi, ka kalli harafi na biyu na MAC ɗin, in 2 ne ko 6 ko A ko E toh ƙirƙirarre ne. Na ainihi kuwa haruffa shida na farko na kamfanin da ya ƙera katin ne, hukumar IEEE ce ke rabawa, shiyasa in ka ga baƙuwar na'ura a Leases mara suna zaka iya bincika waɗannan shidan ka san ko kyamara ce ko talabijin. Gsky ni ban cika kafe wa waya adireshi ba ma, ban ga me za'a nema a wajenta ba. Laftof kuma ka tuna MAC biyu gare shi, na kebul daban na Wi-Fi daban, in yana da akwatin da ake jona shi a tebur wannan ma sau da yawa da nasa, dan haka in kace ka kafe kuma bai kafu ba, duba ta wace ƙofa ya shigo.

Inda hEX ya yi wa ƙananan rautoci nisa shine abin da zaka iya ɗorawa a kan kafaffen adireshin. A cikin layin na'urar akwai wurin iyakance mata gudu, akwai wurin jefa ta cikin wani jerin adireshi da katangar tsaro zata yi aiki dashi, misali duk kyamarori su shiga jeri ɗaya sannan ka rubuta ƙa'ida guda cewa 'yan wannan jerin basa fita intanet, maimakon ka bi su ɗaya ɗaya. Zaka iya sa zangon rabon ya zama static-only, wato wanda baka rubuta ba bazai samu adireshi ba sam. In kana so ka ƙara matsewa, ka kunna Add ARP For Leases sannan ka mayar da ARP, wato tsarin haɗa adireshi da MAC, na wannan ɓangaren reply-only, sai ya zama ko mutum ya rubuta wa kansa lamba da hannu rautar bazata kula shi ba. Amma a yi hattara da wannan na ƙarshen, yana iya rufe ka a waje kai ma. Akwai maɓallin Safe Mode a saman WinBox, ka danna shi kafin irin wannan aikin, in haɗinka ya yanke akwatin zai warware abin da kayi da kansa. Kuma WinBox yana iya shiga akwatin ta lambar MAC ko da ka dagula adireshin gaba ɗaya, muddin kebul ɗinka na jone, wannan kam duk wanda ya ƙirƙiro shi Allah ya saka masa.

Sai dai kar wani ya ɗauka wannan tsaro ne na gaske. Lambar MAC kowa na iya kwaikwayonta, wanda ya san abin da yake yi zai saurari netwok ɗin ya ga lambar firinta ya sa wa laftof ɗinsa. Kafe adireshi tsari ne, yana hana ruɗani da kuskure da ɗan ofis mai son jona wayarsa inda ba'a ce ba, amma ɓarawon gaske sai an haɗa da raba netwok gida gida ta VLAN da kalmar sirri mai ƙarfi, in abin ya kai ma a sa 802.1X, tsarin da ke tantance na'ura kafin a barta ta hau netwok.

Toh abubuwan da basu burge ni ba. Fuskar manhajar bata da fara'a ko kaɗan, tagogi ne cike da gurabe, babu mai riƙe hannunka yace danna nan. A na'urorin wasu kamfanoni, UniFi zaka danna na'ura ka kunna Fixed IP Address ka wuce, TP-Link suna da Address Reservation a fili, OpenWrt, manhajar da ake ɗora wa rautoci, yana da Static Leases, duk sun fi sauƙin gani a ranar farko. A MikroTik abu ɗaya, wato rabon adireshi, an raba shi gida uku, zangon yana IP Pool, getwe da DNS suna Networks, uwar rabon kanta tana wani shafin, in zaka canza zangon gaba ɗaya sai ka taɓa duka ukun har da adireshin rautar kanta, ka manta ɗaya abu ya tsaya. Na biyu, sunaye. A OpenWrt in ka ba na'ura suna nan take zaka iya kiranta da sunan saboda manhaja ɗaya mai suna dnsmasq ke riƙe da rabon adireshi da DNS a tare, amma a RouterOS shekara da shekaru abin da aka saba shine ka je IP, DNS, Static ka rubuta sunan da hannu ko ka ɗora ɗan rubutun umarni da zai riƙa yi maka. Na uku, 16MB ɗin nan ya yi kaɗan a yau, ga rabon adireshi ya isa har ya yi yawa, amma in kana son ƙara wasu fakitoci zaka ji matsi. Akwai sabon samfurin hEX da ya fito a 2024 mai ƙwaƙwalwa 512MB da wurin ajiya mafi girma, mai saye yanzu ya duba shi, aikin Leases ɗin iri ɗaya ne.

Maganar sabuntawa kuma ba wasa bace. A 2018 an gano wata ɓaraka a WinBox da ke ba mutum damar kwashe kalmomin sirri daga nesa, kamfanin ya toshe ta a watan Afrilun shekarar, amma akwatuna masu ɗimbin yawa da masu su basu sabunta ba aka yi ta shigewa. Dan haka ranar da ka kunna shi ka sabunta RouterOS, ka sa kalmar sirrinka, kuma kar ka buɗe ƙofar 8291, wadda WinBox ke shiga ta ita, ga intanet, katangar da ta zo dashi ta riga ta rufe ta daga waje, ka barta yadda take.

Wani abin da nake so sosai shine /export. Ka buga shi a tagar umarni ya zubo maka saitin a rubuce, kowane kafaffen adireshi layi ɗaya, lamba da MAC da bayanin da ka rubuta, abin da ɗan adam zai iya karantawa. Ka ajiye fayil ɗin, ranar da akwatin ya ƙone ko zaka koma babba ka manna layukan a sabon, na'urori hamsin su dawo wurarensu ba tare da ka taɓa ko ɗaya ba. Kuma in zaka shigar da kyamarori da yawa a lokaci guda ba sai ka jira su hau ba, ka kwafi MAC daga takardar da ke manne a jikinsu ka rubuta layukan tun suna cikin kwali, ana jona su kowace ta faɗa lambarta.

Duk wannan maganar ta IPv4 ce fa, wato irin adireshin nan mai kamar 192.168.88.1. A IPv6, sabon tsarin adireshi, lissafin daban ne, na'urori da yawa da kansu suke haɗa adireshinsu, kuma DHCPv6 da wata shaida da ake kira DUID yake gane na'ura ba MAC ba, dan haka kar ka zata abin da ka kafe a nan ya bi ka can.

Tunda hEX bashi da Wi-Fi, yawancin mutane tsohuwar rautarsu suke jonawa a bayansa ta riƙa bada Wi-Fi ɗin, kuma a nan ne aikin kafewa yake yawan rushewa. In baka kashe DHCP na tsohuwar ba masu rabo sun zama biyu a netwok ɗaya, na'ura kuma yawanci tayin da ya fara iso mata take karɓa, sai firintar da ka kafe a .21 ta tashi da wata lamba ta wani zango daban kana ta duba Leases baka ganta ba. Ka kashe rabon a tsohuwar, ka jona kebul ɗin a ramin LAN ɗinta na cikin gida ba na WAN da intanet ke shigowa ba, ko ka sa ta a yanayin Access Point in tana dashi. Sannan a cikin DHCP Server na hEX akwai shafin Alerts, ka kunna shi a kan bangaren cikin gida, duk ranar da wani ya zo da 'yar rautarsa ya jona a ƙarƙashin tebur zai rubuta maka a log har da MAC ɗin mai laifin.